Dokar hana leda a jihohin Amurka: me ya sa wata ke rage shara, wata kuma ke ƙara ta?

Tambaya: Malam, ina bibiyar labarin jihohin Amurka da suka hana kantuna ba da ledar cefane. Wani rahoto ya ce dokar ta rage shara sosai, wani kuma ya ce a Kalifoniya sharar leda ƙaruwa ma ta yi bayan an kafa dokar. Wanne ne gaskiya? Kuma yaya ake tsara irin wannan doka har ta yi aiki?

Amsa: Duka rahotannin biyu gaskiya ne, kuma ba su ci karo da juna ba, domin abin da ake kira dokar hana leda ba abu ɗaya ba ne. Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta da doka a kan ledar cefane. Kowace jiha ita ke yanke wa kanta, wasu kuma sun bar wa birane da gundumomi. Zuwa 2024 jihohi 12 ake lissafawa da haramcin da ya game jiha baki ɗaya: Kalifoniya, Kolorado, Connecticut, Delaware, Hawai, Maine, New Jersey, Niyok, Oregon, Rhode Island, Vermont da Washinton. A Hawai ma ba majalisar jiha ce ta yi ba, gundumominta ne kowace ta kafa tata har suka rufe jihar.

Idan ka jera takardun dokokin nan, za ka tarar sakin layin da ya ce an haramta leda kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Bambancin yana wurare biyu da ba kasafai jarida ke leƙawa ba. Na farko, wace jaka doka ta yarda kanti ya ci gaba da bayarwa a matsayin "jakar da ake maimaita amfani da ita". Na biyu, abin da ya maye gurbin ledar, kyauta ake miƙa wa mai saye ko sai ya biya. Sauran sassan dokar suna da nasu amfani, amma waɗannan biyun su ne ke ɗaga ta ko su kayar da ita.

Kafin nan, ka san abin da ake son magancewa, don shi zai nuna maka da wane ma'auni za ka auna nasara. Siririyar ledar cefane ba ta wuce giram biyar zuwa takwas ba, saboda haka in nauyin shara ake magana, kasonta kaɗan ne. Illarta a wani wuri take. Iska na ɗauke ta daga kwandon shara da bayan motar kwasar shara, ta toshe bakin magudanar ruwa, ta bi kogi ta shiga teku, inda kunkuru da tsuntsaye ke haɗiye ta ko su sarƙe a cikinta. Sannan ita ce babbar abokiyar gabar masana'antun tace shara. A can shara na bi ta kan jerin sandunan ƙarfe masu juyawa, kowace da fayafayai a jikinta, kwali ya bi ta sama, kwalabe da gwangwanaye su zube ta tsakani. Leda ba ta bi ta sama, ba ta zubewa, sai ta naɗe a jikin sandar, wata ta hau kan wata, har ramukan su toshe. Dole a kashe injin, a kulle makunninsa don kada wani ya tayar da shi bisa kuskure, ma'aikata su hau da wuƙaƙe suna yankewa da hannu. Shi ya sa yawancin biranen Amurka ba sa karɓar leda a kwandon kayan da za a sake sarrafawa. Ƙididdigar hukumar kare muhalli ta tarayya ta 2018 ta nuna kusan kashi 10 cikin ɗari kacal na leda da dangoginta ake sake sarrafawa.

To, mu koma Kalifoniya, tunda ita ka ambata, kuma ita ce darasin da kowa ke karantawa yanzu. Birnin San Francisco ne ya fara hana leda a 2007, birane da gundumomi da dama suka biyo baya. A 2014 majalisar jiha ta zartar da ƙudurin SB 270, Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a watan Satumba. Kamfanonin leda suka tara sa hannun jama'a suka tilasta ƙuri'ar raba gardama, wanda hakan ya dakatar da dokar har Nuwamban 2016, lokacin da kusan kashi 53 cikin ɗari na masu zaɓe suka amince da ita.

Dokar ta hana siririyar leda a manyan kantunan cefane, da manyan shagunan da ke da sashen magani, da ƙananan shagunan kayan masarufi da na barasa. Ta ce jakar takarda ko jakar da ake maimaitawa ba za a ba da ita ƙasa da senti 10 ba. Har nan babu laifi. Inda gizo ke saƙa shi ne fassarar jakar da ake maimaitawa. Doka ta yarda a yi ta da leda, muddin kaurinta ya kai maikiron 57 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), tana ɗaukar lita 15, kuma an ƙera ta yadda za ta ɗauki kimanin kilo 10 a yi tafiyar mita 53 da ita har sau 125. A lura, an ƙera ta don ta iya, ba wai an tabbatar mutane za su yi hakan ba. Kamfanonin leda suka ce to madalla. Injinan da ke hura siririyar leda su ne dai aka saita suka koma hura mai kauri, aka buga mata rubutu cewa ana maimaita ta, kantuna suka jera ta a wurin biyan kuɗi a kan senti 10, kuɗin kuma na kanti ne.

Yi lissafin da kanka. Siririyar leda kaurinta wajen maikiron 12 zuwa 13 ne, ita kuwa sabuwar 57, wato ninki huɗu da rabi. A ce mai cefane a da yana fita da siraran leda goma, yanzu da yake sabuwar ta fi ɗaukar kaya kuma ana biya, sai ya karɓi uku. A ƙidayar jaka an samu ragin kashi 70 cikin ɗari. A ma'aunin nauyi kuwa ukun nan sun kai siraran sha uku da rabi. In har ya jefar da su bayan amfani ɗaya, kamar yadda akasarin mutane suka riƙa yi don a ido leda ce kamar kowace leda, an gudu ne ba a tsira ba. Alƙaluman hukumar kula da shara ta jihar, CalRecycle, sun nuna an zubar da kimanin tan dubu 157 na ledar cefane da ta sauran kayayyaki a 2014, a 2021 kuwa ya haura tan dubu 231. Wannan shi ne rahoto na biyu da ka gani. Sai dai a yi masa adalci ta fuska biyu: 2021 shekarar korona ce, lokacin da odar kaya zuwa gida ta yawaita, kuma a 2020 jihar ta dakatar da dokar na kwana 60, kantuna da yawa suka hana shigowa da jakar gida, ɗabi'ar da aka fara ginawa ta rushe. Duk da haka ba wanda ke musun cewa leda mai kauri ce ta ɗauki kaso mai tsoka na ƙarin.

A 2024 majalisar ta toshe kafar da ƙudurin SB 1053, Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu. Daga 1 ga Janairun 2026 babu leda kowace iri a wurin biyan kuɗi, mai kauri ko siririya, sai jakar takarda a kan aƙalla senti 10, ko mutum ya zo da tasa. Shekara goma kenan tsakanin kuskuren da gyaransa.

Ba Kalifoniya kaɗai ta faɗa wannan rami ba. Birnin Shikago ya hana siririyar leda a manyan kantuna a 2015 ba tare da ya sa kuɗi a kan komai ba, kantuna suka koma raba mai kauri kyauta, wanda ya ma fi na Kalifoniya muni. Delaware ta fara da ma'aunin maikiron 57 a Janairun 2021, ta ga abin da ya faru, ta gyara a Yulin 2022. Wasu jihohi, irin su Oregon da Maine da Connecticut, sun ɗaga kaurin zuwa maikiron 102, da tunanin tsadar ƙerawa za ta hana kantuna. Yana rage yawan masu yi, amma kowace jakar da aka jefar tana ɗauke da robar siraran leda takwas. A Niyok hukumar muhalli ta rubuta ƙa'idar da ta halatta leda mai kaurin maikiron 254, sai kotu a 2020 ta tabbatar da haramcin amma ta soke wannan ƙa'ida, ta ce dokar da majalisa ta yi ba ta ba da wannan dama ba.

A ganina duk dokar da ta fassara jakar da aka halatta da kauri kaɗai ta riga ta sha kaye tun a takarda, domin kauri abu ne da masana'anta ke sauyawa cikin kwana ɗaya. Fassarar da ta fi riƙe ruwa ita ce wadda ta dubi abin da aka yi jakar da shi da kuma yadda aka haɗa ta. New Jersey ta ce sai jakar yadi, ko nailan, ko saƙar roba irin wadda ake wankewa, kuma dole hannunta ya zama ɗinkakke. Vermont ma ta sa sharaɗin a ɗinke hannun jakar. Wannan ƙaramin sharaɗi yana aiki biyu. Injin hura leda ba ya ɗinki, saboda haka farashin jakar zai tashi har kanti ba zai iya rabawa kamar ruwa ba. Sannan jami'in da ya shigo duba kanti ba ya buƙatar na'urar auna kauri, da ido zai ɗaga hannun jakar ya ga ɗinki ko babu.

Yanzu batun kuɗi, wanda shi ne ginshiƙi na biyu, kuma a nan ne bincike ya fi ƙarfi. Birnin Washinton, fadar gwamnati, ya sa senti 5 a kan kowace jaka, leda ko takarda, daga Janairun 2010. Gundumar Montgomery da ke maƙwabtaka a jihar Maryland ta bi sahu a 2012. Masaniyar tattalin arziki Tatiana Homonoff ta sa aka tsaya a ƙofar kantuna ana ƙirga masu fitowa kafin harajin da bayansa. Masu amfani da jakar yarwa sun sauko daga kashi 82 cikin ɗari zuwa kusan 40. Abin da ya fi jan hankali shi ne, wasu kantunan sun daɗe suna ba da ladan senti 5 ga duk wanda ya zo da jakarsa, amma wannan bai sauya komai ba. Senti biyar ɗin dai ne, sai dai mutum ya fi jin zafin a cire masa fiye da daɗin a ƙara masa. Da Shikago ta soke haramcinta ta koma harajin senti 7 a Fabrairun 2017, irin wannan ƙidaya ta nuna an sauko daga kashi 82 zuwa wajen 54.

Ba tsadar ce ke aiki ba, senti biyar ba ya hana kowa barci. Abin da ke aiki shi ne an karya al'adar cusa kaya a leda ba tare da an tambayi kowa ba. A da mai karɓar kuɗi hannunsa na kan leda tun kafin ka ajiye kaya, ko man goge baki ɗaya ka saya a leda za ka fita da shi. Yanzu sai ya ɗago ya tambaya ko kana son jaka, kuma nawa, ka tsaya ka yi shawara, ka ga layin "jaka" a rasit da farashinta. Mai kaya ɗaya ko biyu sai ya riƙe a hannu. Don haka doka mai kyau takan fayyace abu uku a nan: kuɗin ya fito daban a rasit, kanti ba shi da ikon yafewa ko biya wa mai saye, kuma kuɗin ya hau kan kowace irin jaka da aka bari, har da takarda. In aka hana leda aka bar takarda kyauta, jama'a kawai za su koma takarda ɗaya bayan ɗaya. Niyok ta bar wannan kafa: haramcinta ya fara 1 ga Maris 2020, amma senti 5 na takarda sai gunduma ko birnin da ya ga dama ya ɗauka. Birnin Niyok ya ɗauka, gundumomi da yawa ba su ɗauka ba.

Wa ke cin kuɗin? Tambaya ce ta shari'a kafin ta zama ta siyasa. A jihohi da dama, kuɗin da ya shiga asusun gwamnati haraji ne, haraji kuma yana da nasa tsauraran sharuɗɗa. A Kalifoniya sabon harajin jiha sai da kashi biyu cikin uku na majalisa, na ƙaramar hukuma kuma sai an kai wa masu zaɓe. Shi ya sa gundumar Los Angeles ta bar wa kantuna senti 10 ɗin gaba ɗaya, aka kai ta ƙara, kotun ɗaukaka ƙara a 2013 ta ce tunda ko senti ɗaya bai shiga hannun hukuma ba, ba haraji ba ne. Dokar jiha ta bi wannan hanya. Amfaninta, ƙungiyoyin masu kantuna sun goyi bayan dokar maimakon su yaƙe ta. Illarta kuwa, kanti ya samu riba a kan kowace jakar da ya sayar, to me zai sa ya ƙarfafa wa mutane su zo da tasu? Wasu wuraren sun raba. A birnin Washinton dokar farko ta bar wa kanti senti 1, ko 2 in yana ba da lada ga masu zuwa da jaka, sauran ya tafi asusun tsabtace kogin Anacostia. A Niyok senti 3 na asusun muhalli na jiha ne, 2 na ƙaramar hukuma don raba wa jama'a jakunkunan da ake maimaitawa. Kolorado ta sa senti 10 daga Janairun 2023, kashi 60 cikin ɗari na ƙaramar hukuma, 40 na kanti, sannan haramcin ledar ya biyo baya a Janairun 2024. Wannan jeri na Kolorado, kuɗi tukuna sannan haramci, Connecticut ma ta yi shi tsakanin 2019 da 2021, kuma yana da hikima, don kafin ledar ta ɓace mutane sun riga sun saba da ɗauko jaka.

Akwai ƙorafin cewa kuɗin jaka talaka yake cuta. Gaskiya ne in an bar shi haka, shi ya sa Kalifoniya da Niyok da jihar Washinton da Kolorado duk suka keɓe masu biyan kuɗi da katin tallafin abinci na gwamnati. Aikin a nan na na'urar biyan kuɗi ne: a saita ta ta cire kuɗin jaka da kanta da zarar an sa katin, don kada mutum ya tsaya yana bayyana halinsa a gaban layi.

Kada kuma a ɗauka takarda da yadi tsarkakakku ne. Binciken hukumar muhalli ta Ingila na 2011 ya auna hayaƙin da ke ɗumama duniya daga ƙera kowace jaka, ya gano sai an yi amfani da jakar takarda sau 3, ta saƙar roba sau 11, ta auduga sau 131, kafin su yi daidai da siririyar leda da aka yi amfani da ita sau ɗaya. Masu adawa da dokar suna yawan ɗaga waɗannan alƙaluma, amma ba sa faɗin cewa binciken bai lissafa ledar da ta tsere cikin kogi da teku ba, wadda ita ce dalilin dokar tun farko. Abin ɗauka a nan, jakar saƙar roba da aka yi shekara ana zuwa kasuwa da ita ta biya bashinta tuni, amma in ta zama ita ma ta yarwa, an yi asara fiye da da.

New Jersey ta nuna yadda hakan ke faruwa. Dokarta, wadda ta fara aiki 4 ga Mayun 2022, ita ce mafi tsauri: babu leda a kowane shago, babu takarda ma a kantunan cefane da faɗinsu ya kai ƙafa 2,500 murabba'i. Ga mai zuwa kanti da ƙafarsa ta yi aiki, ko da yake a watannin farko kantuna sun yi kukan mutane na tafiya gida da kwandunan hannu na cikin kanti. Amma masu rubuta dokar ba su yi tunanin masu odar cefane ta intanet ba. Tunda babu leda babu takarda, kowace oda sai ta zo cikin sababbin jakunkunan saƙar roba, wanda ke oda duk mako ya wayi gari da tulin jakunkunan da bai san yadda zai yi da su ba. Duk jihar da za ta yi doka yanzu dole ta rubuta sashe na musamman a kan kai kaya gida: ko a yarda da takarda da kwali, ko a wajabta wa kanti karɓar jakunkunansa ya wanke ya sake amfani da su.

Wani yoyon kuma shi ne ledar shara. Mutane da yawa da ledar cefane suke shimfiɗa ƙaramin kwandon shara ko kwashe kashin kare, in ta ɓace sai su saya. Masaniyar tattalin arziki Rebecca Taylor ta bi alƙaluman cinikin kantuna a biranen Kalifoniya, ta wallafa a 2019 cewa an kawar da ledar cefane mai nauyin kimanin fam miliyan 40 a shekara, amma cinikin ledar shara ya ƙaru da fam miliyan 12, ƙananan ledojin shara ma cinikinsu ya fi ninki biyu. Wato kusan kashi 30 cikin ɗari na ribar ya zurare, kashi 70 ya tsaya. Ledar shara kuma a ɗaure take tafiya juji da kaya a cikinta, ba ta tashi sama.

Jerin abubuwan da aka keɓe kusan ɗaya ne a ko'ina, kuma ba a cika jayayya a kansa ba: ledar da ba ta da hannu ta ɗanyen nama da kifi da kayan lambu, ta maganin da likita ya rubuta, ta jarida, ta kayan wanki da guga, da ledar shara da ake sayarwa a fakiti. Inda ake jan daga shi ne gidajen abinci da ƙananan shaguna. Niyok ta keɓe ledar abincin da aka saya a tafi da shi, Kolorado ta keɓe shagon da rassansa ba su wuce uku ba kuma duk a cikin jihar suke. Kowane keɓewa na sauƙaƙa wa ƙuduri wucewa a majalisa, amma ledar abincin tafi-da-gidanka tana cikin waɗanda aka fi yarwa a titi. Sai a yi hattara da leda mai rubutun "tana ruɓewa". Wata an zuba mata sinadari ne da ke sa ta farfashe ta zama ɓurɓushin roba, ba ruɓewa take ba. Ta gaskiyar ma, wadda ta cika ma'aunin ruɓewa na Amurka mai suna ASTM D6400, sai a masana'antar takin zamani mai zafi take narkewa, a kogi leda ce kawai.

Kafin duk wannan, akwai tambayar wa ke da ikon yin dokar. Jihohi da dama sun yi akasin abin da kake tambaya, wato sun kafa dokar hana birane hana leda. Fulorida ta yi tun 2008, Mishigan a 2016. A Minnesota majalisar jiha ta toshe haramcin birnin Minneapolis a 2017 ana gab da fara aiki da shi, daga baya birnin ya koma cajin senti 5. A Teksas kotun ƙolin jiha ce ta yanke a 2018 cewa haramcin birnin Laredo ya saɓa wa dokar sharar jiha, sauran birane irin su Austin suka daina tilasta nasu. Ko jihar da ke hana leda ma sai ta yanke shawara: dokarta mafi ƙarancin abin da za a yi ce, birni na iya ƙarawa, ko kuwa ita ce iyaka? Manyan kantuna sun fi son doka ɗaya a jiha ɗaya, don ba sa son kowane reshe da irin jakarsa da farashinsa, kuma sau da yawa wannan ne farashin goyon bayansu. Kalifoniya ta raba gardama ta hanyar barin dokokin biranen da suka riga Satumban 2014 su ci gaba, ta rufe ƙofa ga sababbi.

Tilastawa ba ta da wani sirri. Ana ba da wa'adi don kantuna su ƙarar da ledar da ke rumbunsu su kuma yi odar takarda, New Jersey ta ba da wata 18. Ana farawa da gargaɗi, sannan tara mai hawa: a Niyok dala 250 sannan 500, a New Jersey har dala 1,000 a karo na biyu da 5,000 a na uku. Manyan kantuna kan bi doka daga ranar farko, don umarni ɗaya daga hedikwata ya wadatar. Matsalar ƙananan shaguna ce masu yawan gaske, da jami'ai 'yan kaɗan da ke jiran sai an kawo ƙorafi. Dabarar da ta fi araha ita ce a haɗa duba jaka da zagayen da jami'an lafiya ko na awo suke yi dama, a kuma ɗora laifi a kan dillalin da ke kai wa shaguna haramtacciyar leda, tunda dillalai ba su da yawa kuma an san inda suke.

Game da rahoton farko da ka gani, na raguwar shara, yana da tushe mai ƙarfi. Birnin San Jose ya ƙirga kafin dokarsa ta 2012 da bayanta, ya samu ragin leda na kusan kashi 89 cikin ɗari a magudanun ruwa, 60 a rafuka, 59 a tituna. A 2025 mujallar Science ta buga binciken Anna Papp da Kimberly Oremus, waɗanda suka duba bayanan aikin tsabtace bakin ruwa sama da dubu 45 daga 2016 zuwa 2023. Sun gano a wuraren da ke da doka, kason leda cikin sharar da aka tsinta ya ragu da kashi 25 zuwa 47 cikin ɗari idan aka kwatanta da wuraren da ba su da ita. Cikakken haramci da cajin kuɗi sun fi tasiri, haramcin da ya bar leda mai kauri shi ne mafi rauni.

Saboda haka duk adadin da aka miƙo maka a wannan muhawara, ka fara tambayar me aka auna. Adadin jakunkunan da kantuna suka bayar, nauyin robar da ta isa juji, da yawan ledar da aka tsinta a bakin kogi abubuwa uku ne daban, kuma ɗaya na iya sauka ɗaya na hawa a jiha ɗaya cikin shekara ɗaya. Ka kuma duba wa ya biya kuɗin binciken. Rahoton 2024 da ya ce amfani da roba ya ninka uku a New Jersey ƙungiyar kamfanonin leda ce ta ɗauki nauyinsa, kamar yadda wasu rahotannin yabo ke fitowa daga ƙungiyoyin da suka yi fafutukar kafa dokar. Jihar da ke son ta san gaskiyar lamarinta sai ta rubuta a cikin dokar cewa za a yi ƙidaya kafin ranar farawa, a wajabta wa manyan kantuna kawo adadin kowace irin jaka da suka saya da wadda suka sayar duk shekara, a kuma sa ranar da majalisa za ta dawo ta duba alƙaluman, shekara biyu ko uku bayan farawa.